Kwana Biyu a Titin Koko

Shekara 19 ke nan ina koyar da ilimin halittu a wata kwalejin horar da malamai, kuma babu shekarar da ban rubuta sunan Hershey a allo ba. Duk ɗalibin da ya bi ta hannuna ya ji labarin Alfred Hershey da Martha Chase, waɗanda a 1952 suka ɗauko injin markaɗe irin na ɗakin girki, suka kaɗa ƙwayoyin bakteriya da bairos ɗin da ke cin su, suka nuna cewa DNA ce ke ɗauke da gadon halitta. Shi ya sa ranar da ƙanena mazaunin unguwar Bronx ta birnin New York ya ce mini a waya, "Yaya, in Allah ya kawo ka sai ka leƙa Hershey, ba shi da nisa a jirgin ƙasa," na ce masa ashe Turawa sun san darajar malamai, har gari guda suka sa wa sunan mutumin. Ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi. "Wane malami kuma? Yaya, garin cakulan ne fa."

Na bar Kano a farkon Oktoban 2024, bayan sallar asuba, daga tashar Unguwa Uku. Kura, Kwanar Ɗangora, Tashar Yari, Zariya, Jaji, duk mun wuce su ina gyangyaɗi, sai dai in an taka birki a shingen masu kaki in buɗe ido in ga direba ya miƙa hannu ta taga ya dawo da shi. Na ƙirga shinge bakwai kafin Kawo. A Rigasa na hau jirgin ƙasa zuwa Idu, kuma duk da jami'an tsaro da ke cikin taragai, da muka shiga dajin nan da aka tare jirgi a Maris ɗin 2022 sai hira ta mutu, kowa ya koma ga carbinsa. Daga Abuja zuwa Doha, daga Doha zuwa New York, ba abin da zan ce sai kumburin ƙafa.

A filin jirgin New York ne na yi asarar farko. Maiɗakina ta haɗa wa ƙanina tsaraba: kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, yaji, da kilishi na dubu goma sha biyar da aka naɗe a takarda uku. An tambaye ni ko ina ɗauke da abinci, na ce e. Jami'ar ta buɗe jaka, ta shinshina daddawa ta ja da baya, ta tambaye ni mene ne, na ce 'ya'yan itace ne da aka dafa aka bari suka ruɓa. Ta mayar da ita da ɗan yatsa biyu. Kilishi kuwa ba ta ko yi gardama da ni ba, doka ce, nama ba ya shiga. Ina kallo aka jefa shi a kwandon shara mai murfi. Da na ba ƙanina labari a mota bai ce komai ba har muka haye gada, sannan ya ce, "Na wane gida ne?" Na faɗa masa. Ya ce, "Innalillahi."

Kwana biyar na yi a Bronx, kuma da ba don sanyi da dogayen gidaje ba da sai in ce a wani zango nake. A masallacin Juma'a Hausar Kumasi da ta unguwar Nima ta Akara ta fi ta Kano yawa. Da safe akwai wata mata 'yar Gana da ke sayar da koko da ƙosai a robobi, irin kokon nan mai citta da kanumfari wanda a can Gana har sunan Hausawa yake ɗauke da shi. Wannan ya taɓa ni, saboda mu gidanmu koko biyu ne ya riƙe shi. Baba ya tafi Kurmi yana saurayi, ya yi shekara 11 yana aikin gonar koko a ƙasar Asante, a tsarin da suke kira abusa: kai ne shara, kai ne tsinka, kai ne fasa, kai ne shanya, in an sayar a raba uku ka ɗauki kashi ɗaya. Inna kuwa tana zangon Kumasi tana dama kokon sha tana sayarwa. Muna yara in Baba ya fara labarin yadda ake tara 'ya'yan koko a rufe su da ganyen ayaba kwana shida har su yi zafi su yi tsami, sai Inna ta ce, "Kokonka na Bature ne, nawa ne ya ciyar da mu." Don haka da ƙanina ya ce babban titin garin Hershey sunansa Titin Cakulan, wanda ya gitta shi kuma Titin Koko, na san sai na je.

Shi bai samu raka ni ba. A Amurka ba a raka baƙo, taswira ake tura masa a waya. Ranar Laraba na sayi tikiti dala 61, a lokacin dala ta haura naira 1,600, wato kusan dubu ɗari ke nan, kuɗin da na daina lissafawa da naira tun a rana ta biyu don kada hawan jini ya kama ni. Jirgin ana ce masa Keystone, yana tashi daga tashar Penn zuwa Harrisburg, babban birnin jihar Pennsylvania. Babu taragon abinci a cikinsa, kuma ba mai tallan dafaffen ƙwai ko rake ta taga. Allah ya sa matar ƙanina ta cusa mini dabino da burodi a jaka.

A Philadelphia jirgin ya tsaya ya daɗe, da ya tashi sai na ga muna tafiya da baya. Na miƙe tsaye da jakata, na ɗauka New York za a mayar da ni. Wata tsohuwa da ta shigo ta zauna kusa da ni ta dafa hannun kujera ta ce in zauna, haka yake yi kullum, hanyar ce ta juya. Tsohuwar malamar jinya ce 'yar Lancaster. Da ta ji inda za ni, ta ce ai kakarta ta wajen uwa 'yar gidan Hershey ce. Na gyara zama, na zaci na haɗu da jikar attajirin cakulan da aka sa wa garin sunansa. Ta ce ina, a ƙasarsu sunan ya fi a ƙirga, akwai manoma, akwai masu gyaran mota, akwai limaman coci. Asalinsu Mennonite ne, wata ɗariƙar Kirista masu jin Jamusanci da suka gudo daga Suwizalan saboda tsangwama, suka sauka a wannan yankin a farkon ƙarni na 18. Na ambaci Alfred, ba ta san shi ba. Ita wanda ta sani shi ne Janar Lewis Hershey, wanda ya shugabanci hukumar ɗaukar soja ta dole daga 1941 zuwa 1970, domin a zamaninsa aka aiko wa yayanta takardar tafiya Biyetnam. Ta ce akwai kuma 'yar fim Barbara Hershey, amma ita aro ta yi, sunan gidansu Herzstein. Ka ji suna ɗaya, ni allo yake tuna mini, ita yaƙi, ƙanina alewa. Shi Alfred ma a Michigan aka haife shi.

Bayan mun wuce unguwannin bayan gari sai ƙasa ta buɗe. Gonakin masara ne iya ganinka, an fara girbi, da rumbuna dogaye kamar hasumiya. A wata gona na ga mutum da gemu da malfa yana tsaye a kan keken girbi, alfadarai huɗu na jan sa. A wata kuma shanya ce a igiya, baƙaƙen wanduna jere bisa tsawo, daga na uba har na auta. Tsohuwar ta ce Amish ke nan, 'yan'uwan Mennonite da suka fi su tsanani, ba sa jan wutar gwamnati, ba sa tuƙa mota, keken doki suke hawa. Na tuna yadda a ƙauyenmu saurayi ke jin kunyar a gan shi a bayan garmar shanu, ga shi nan a ƙasar da ta je wata ana noma da alfadari, mutane har biyan kuɗi suke yi su zo kallo. A bakin titunan ƙauyukan kuma, kusan kowane gida da ɗan allonsa a kan ciyawa, wannan Trump, na kusa da shi Harris, saura wata guda zaɓe. Ba wanda ya yaga na wani. Na yi ta neman yagagge ko ɗaya ban gani ba.

Ina kallon taga ina juya maganar suna. Mu a wajenmu mutum ne ke ɗaukar sunan gari: Aminu Kano, Shehu Shagari, Abubakar Tafawa Ɓalewa, da dubban Funtuwa da Gusau da Kazaure da suka samo nasu a rajistar makarantar kwana ko ta soja. Garin ya riga ka, zai kuma daɗe bayanka, kai ne ke raɓa da shi. Inda muka yi akasin haka, sai sunan ya rage mutumin ya ɓace. Ga Garun Malam, ga Tashar Yari da na wuce, tsaya a bakin titi ka tambayi masu sayar da tumatir wane malami, wane Yari, ka ga kallon da za su yi maka.

A Harrisburg na kira mota ta waya, tafiyar wajen kilomita 23 ce. Direban baƙi ne dogo, na gaishe shi da Turanci ya amsa da Turanci. Mun ɗan taɓa tafiya sai wayarsa ta yi ƙara, na ji ya ce, "Lahiya lau, ina bisa hanya, in na sauke mutum ina tahowa." Na bari ya gama, sannan na ce, "Sannu da aiki, ɗan'uwa." Saura kaɗan ya hau gefen titi. "La ilaha illallahu! Malam, daga ina ka hito?" Mutumin Tawa ne, shekararsa 14 a nan, ya ce 'yan Nijar suna da yawa a Harrisburg, Hausawa da Zabarmawa, galibi a ɗakunan ajiyar kaya da tuƙi. Kafin mu isa ya riga ya yanke hukunci: gobe da dare a gidansa zan ci tuwo, kuma ba shawara yake ba ni ba.

Masaukin da na kama yana bakin gari, dala 112 kwana ɗaya har da haraji. Ɗaki tsaf, gado kamar fili, amma ba buta. Gorar ruwa na shanye na mayar da ita buta, waya ta nuna mini alƙibla, na haɗa azahar da la'asar ƙasaru. Karin kumallonsu kyauta ne, sai dai rabin teburin naman alade ne, na tsaya a kan dafaffen ƙwai da ayaba da shayi.

Da la'asar sakaliya na fita da ƙafa. An ce mini garin ƙamshin cakulan yake yi, amma abin da ya fara dukan hancina gyaɗa ce ake soyawa, sak unguwarmu ranar da mata ke tuyar ƙuliƙuli. Masana'antar Reese's ce a kusa. Shi H. B. Reese ma'aikacin kiwon shanun Hershey ne kafin ya fara cusa markaɗaɗɗiyar gyaɗa a cikin cakulan a 1928, daga baya a 1963 kamfaninsa ya koma hannun Hershey. Na isa mahaɗar Titin Cakulan da Titin Koko na tsaya. Fitilun titi an yi kawunansu da siffar alewar nan tasu mai tsini da ake ce wa Kisses, ɗaya a naɗe da farar takarda, na gaba a buɗe launin ƙasa, haka har ƙarshen titi. Can gabas ga bututun hayaƙi biyu na tsohuwar masana'anta da sunan a rubuce daga sama zuwa ƙasa, ita kanta an rufe ta tun 2012, aiki ya koma sabuwa a yammacin gari. Garin ƙarami ne, mutanensa ba su wuce 14,000 ba, kuma a hukumance ma ba gari ba ne mai magajinsa, yanki ne na ƙaramar hukumar Derry. Wurin wasannin nan mai lilo da jiragen sama-da-ƙasa a rufe yake, a wannan watan sai ƙarshen mako, don haka shiru ne ko'ina in ban da ganyaye ja da rawaya da ke zuba. Na ɗauki hoton allon Titin Koko na tura wa yayata, na ce ta nuna wa Inna.

Washegari na fara da gidan tarihin da ke kan Titin Cakulan, kuɗin shiga bai kai dala 20 ba. A nan na san mutumin. An haifi Milton Hershey a 1857 a wata gona da ke nan kusa. Karatunsa bai wuce aji huɗu ba, uban mai yawan buri ne da yawan ƙaura, uwar ce mai riƙo. Ya koyi dafa alewa a Lancaster, ya buɗe shago a Philadelphia a 1876 ya karye, ya gwada New York ya sake karyewa, ya dawo gida dangi sun gaji da ba shi rance. Abin da ya tashe shi wata alewa ce da ya koyo a Denver, ta sukari da ɗanyar madara, wadda in ka ga hotonta ba abin da za ka ce sai alewar madara. Da ita ya yi kuɗi. A 1893 ya ga injinan cakulan na Jamus a bajekolin Chicago ya saye su, a 1900 ya sayar da kamfanin alewar dala miliyan 1, ya dawo ƙauyen da aka haife shi, tsakiyar masu shanu, ya fara gina masana'anta a 1903. Lissafinsa a fili yake: koko da sukari ana iya kawo su daga nesa, madara ba ta jira. Sukarin ma daga baya ya je Kyuba a 1916 ya kafa gonakin rake da wani garin, shi ma Hershey.

Abin da ya sa na yi dariya ni kaɗai har mai gadi ya leƙo shi ne labarin sunan garin. Da aka gina gidajen ma'aikata sai aka sa gasa, wanda ya kawo suna mafi kyau a ba shi dala 100. Sunan da ya ci shi ne Hersheykoko. Da k, da o, yadda ni da kai za mu rubuta. Hukumar gidan waya ce ta ƙi, ta ce ya yi kama da talla, aka yanke wutsiyar. Da ba don haka ba da yau akwai gari a Amurka da Inna za ta iya faɗin rabin sunansa ba tare da an maimaita mata ba. Akwai kuma takardar cekin dala 300 da ya biya kafin alƙalami na ɗaki a jirgin ruwan Titanic, sai wata hidima ta sa ya riga shi tafiya a wani jirgin. Rabon shan ruwa a gaba.

A wani kabad na ga takardun naɗe cakulan na shekaru daban-daban, aka rubuta cewa sandar cakulan ɗin ta zauna a santi 5, kwabo biyar ɗinsu, tun daga farkon ƙarni, in koko ya yi tsada sai a rage mata kauri, in ya sauka a ƙara, har zuwa Nuwamban 1969 da aka haƙura aka ƙara kuɗin. Na daɗe a gaban wannan kabad. A Nuwamban 1969 ne gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda kwana 14 su bar Gana. A watan ne Baba ya bar kokonsa a kan shanya, kakar ta kama, ba a kai ga awo ba balle rabo, ya sa Inna da yayata tana goye a bayan babbar mota. A shekarar ce kuma aka ba Alfred Hershey kyautar Nobel, abin da nake sa ɗalibai su haddace. Ban ce ɗaya ne ya jawo ɗaya ba. Amma shekara 19 ina rubuta 1969 a allo, ban taɓa haɗa ta da motar da Inna ke ba mu labari ba sai a gaban takardar alewa.

Daga nan na tafi Chocolate World. Tun 1973 aka daina shigar da baƙi ainihin masana'anta, aka gina wannan a madadinta. Kyauta ne. Ka zauna a ɗan keke ya bi da kai ta cikin injinan kwaikwayo, ana busa maka zafi a wurin gashi, ana fesa ƙamshi, ga shanun roba suna waƙa suna kaɗa kai. Yara sai ihu suke. Gonar koko kuwa a hotuna na gan ta a layin shiga, kore shar, mutane na murmushi. Fiye da rabin kokon duniya daga Kwaddibuwa da Gana yake fitowa, a 2024 farashin tan ɗaya ya haura dala 10,000 a kasuwar duniya, kuma tun 2001 manyan kamfanonin cakulan suka sa hannu a alkawarin raba yara da aikin gonakin, maganar da har yau ba ta mutu ba. Aikin da Baba ya yi shekara 11 yana yi, na wuce shi a taku ashirin. A ƙofar fita aka miƙa mini 'yar alewa. Tana da wani ɗan tsami a ƙarshe kamar an ɗiga kindirmo, wanda ya samo asali daga yadda suke sarrafa madararsu. Turawan Ingila sukan yi mata tsiya a kan haka. Ni da na tashi da fura da nono ban ga laifinta ba.

Kantin da ke wurin ya fi wata kasuwar ƙauye girma. A nan na ga Cadbury, sunan da muka sani a gwangwanin Bournvita da TomTom, na juya bayan takardar na ga Hershey. Ashe tun 1988 su ke da lasisin yin cakulan ɗin Cadbury a Amurka. Na yi tsarabar dala 40 ina cije baki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a motar zagaya gari na gan shi. Mai jawabi ya nuna mana gidan da aka haifi Milton Hershey, da otal ɗin da ya gina a 1933 lokacin karayar tattalin arziki don kada magina su zauna, ya kuma faɗi, ba tare da an tambaye shi ba, cewa a 1937 ma'aikata sun yi yajin zama a cikin masana'anta, manoman da madararsu ke lalacewa suka zo da sanduna suka fitar da su da jini. Wanda ya gina maka gida da makaranta da wurin shaƙatawa, ranar da kuka saɓa ba ka da inda za ka sa ƙafa da ba nasa ba. Sannan motar ta shiga wasu filaye masu gidaje a warwatse, kowanne kamar gidan mai hali. Ya ce makaranta ce.

Milton da matarsa Catherine ba su haihu ba. A 1909 suka kafa makarantar marayu. Ta rasu a 1915, a 1918 ya ɗauki hannun jarinsa na kamfanin, na kimanin dala miliyan 60, ya mallaka wa asusun makarantar, bai gaya wa kowa ba, sai a 1923 jarida ta tono. Ya rayu har 1945. Yau yara sama da 2,000 'ya'yan marasa ƙarfi ke zaune a gidajen nan, kowane gida da mata da miji masu riƙonsu, ci da sutura da magani da karatu ba ko kwabo. Kuma har gobe asusun ne ke da rinjayen ƙuri'a a kamfanin. Wato ba kamfani ne ke taimakon makaranta ba, makarantar ce ke da kamfanin. Da masu kula da asusun suka so sayar da shi a 2002, mutanen gari da tsofaffin ɗalibai suka fito titi har aka fasa. Ba waliyyi ba ne: a takardar farko ya rubuta marayu maza farar fata kawai, sai a 1968 aka karɓi baƙaƙe, mata kuwa sai 1977.

Ina zaune a motar nan kalma ɗaya ke yawo a kaina, hubusi. Muna da shi a littafi, mun karanta babinsa a zaure, har hukumar zakka da hubusi gare mu. Amma na san gidaje a Kano da mai su ya ciyar da unguwa guda shekara talatin, ya gina Islamiyya, ya haƙa rijiya, ranar da aka yi sadakar arba'in aka fara auna filaye, bayan shekara biyar malaman Islamiyyar na bin albashin wata shida. Ba rowa ce ta hana ba, hannunsa a buɗe yake har ya mutu. Kyautar ce ya bari a aljihunsa maimakon ya ɗaure ta a kan shagunan da ke kawo kuɗin, ya rubuta, ya sa shaidu tun yana da rai. Wata baiwar Allah da ke kusa da ni ta ga ina rubutu a bayan tikiti, ta tambaya ko ɗan jarida ne ni. Na ce a'a, wasiƙa nake tsara wa wani kawuna.

Bayan magariba mutumin Tawa ya zo ya ɗauke ni. Gidansa a Harrisburg, bene na biyu, takalma jibge a bakin ƙofa. Maiɗakinsa ta yi tuwon masara da miyar kuɓewa, ta dama fura da garin gero da madarar kanti mai tsami, ta yi ta ba ni haƙuri wai ba ta kai ta gida ba. Na ci har na ji kunya. Yaransa uku suna jin Hausa, da Turanci suke amsawa. Na ba shi labarin kabad ɗin nan da 1969. Ya ajiye cokali. Ya ce tsohonsa ma kaya-kaya ya yi a kasuwar Kumasi, dako a ka, kuma a wannan korar ya dawo Tawa da tabarma da rediyo. "Malam, wa ya sani ko mota guda suka shiga?" Ya ce shi kansa da ya zo, shekara biyu ya yi yana loda kwalayen alewa a manyan motoci da dare. Ya kira babban ɗansa ya ce ya gaya wa Kawu abin da yake so ya karanta. Yaron ya ce likita, a asibitin koyarwa na Hershey. Na yi yunƙurin ba da kuɗin mai da zai mayar da ni masauki, ya ce in na sake zai sauke ni a kan gada.

Da safe kafin jirgi ya biya da ni maƙabartar garin. Ga sunan a jikin farin dutse, ga kaburbura a ƙasa, shi da matarsa da iyayensa, wani ya ajiye 'yar alewa mai farar takarda a kan nasa. Ba mu daɗe ba, sanyi ya yi yawa.

Dawowa ba labari. Sai dai tsarabar ta sha zafin bayan mota daga Abuja zuwa Kano, ta narke ta sake daskarewa, sanduna suka zama gammo. Yara ba su damu ba. Na ware guda ɗaya mai ɗan kyan gani na kai wa Inna, na zauna a bakin tabarmarta na ba ta labarin titin, da sunan da gidan waya ya ƙi, da mutumin Tawa. Ta sa aka sake nuna mata hoton allon. Ta ɓare takardar a hankali, ta gutsura kaɗan da gefen baki inda sauran haƙora suke, ta daɗe tana juya shi.

"Wannan ne abin da Malam ya yi ta shanya?"

Na ce shi ne, an dai ƙara madara da sukari.

Ta ce alewar madarar gidan maƙwabta ta fi shi daɗi. Sannan ta naɗe sauran a takardarsa, ta ƙulle a bakin zanenta, ta ce in miƙo mata buta.